Keken Kanti Ko Keken Makaniki: Wanne Ya Dace da Lungunan Kano?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a jawabinsa na kama aiki, lissafin zirga-zirga ya sauya a kowane gida a Kano. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin ’yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024. Kuɗin shiga Adaidaita Sahu ya tashi tare da ita. Acaɓa kuwa, wanda a da shi ne mafitar mai sauri, an hana shi ɗaukar fasinja a birnin tun watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Ma’aikacin da ke fitowa daga Yakasai zuwa Sakatariyar Audu Baƙo, da malamin da ke tasowa daga Mandawari zuwa tsohon mazaunin Jami’ar Bayero, da ma’aikacin jinya da ke kama aikin safe a Asibitin Murtala, duk suna da dalilin sake duban keke da idon da ba su dube shi da shi ba tun suna ’yan makaranta.

Wanda ya yanke shawarar komawa kan dokin ƙarfe zai tarar da hanyoyi biyu. Ta farko, ya shiga kasuwa ya nuna keke haɗaɗɗe, galibi irin mai giya da manyan tayoyi da shoka, wanda aka ƙera da siffar keken hawan dutse, ya biya, ya hau. Ta biyu, ya nemi firam mai lafiya, wato ƙwarangwal ɗin keken, ya kai wa makaniki, su zauna su zaɓi wili da taya da sarƙa da birki ɗaya bayan ɗaya har keke ya tashi. A Turai da Amurka mahaya sun daɗe suna wannan muhawara, kuma amsarsu sananniya ce: haɗaɗɗe ya fi sauƙin kuɗi, haɗawa kuwa sha’awa ce ta mai hali. A cikin ganuwar Kano amsar ta sha bamban. Ga mafi yawan masu neman keken zuwa aiki a kullum, keken da aka haɗa a kan tsohon firam na ƙarfe, da kayan da kasuwar gari take da su, ya fi sabon keken kanti amfani da daɗewa, domin darajar keke a wannan gari tana ga sauƙin gyaransa.

Keken da aka haifa a juji

Akwai abin lura a tarihin keken hawan dutse kansa. A shekarun 1970, wasu matasa a gundumar Marin, arewa da birnin San Francisco a jihar Kalifoniya, suka riƙa tsinto tsofaffin kekunan Schwinn na shekarun 1930 da 1940, masu nauyi da faffaɗar taya, suna gangarowa da su daga tsaunin Tamalpais. Babu kamfanin da ke ƙera keken da ya dace da wannan wasa, don haka suka riƙa ƙara masa abin da ya rasa: birki mai ƙarfi daga nan, giya daga keken tsere, wani lokaci har da hannun birkin babur. A 1976 suka fara wata gasar gangara da suka kira Repack, saboda birkin cikin cibiyar wili yana yin zafi har giris ɗinsa ya ƙone, sai an sake cusa wani bayan kowane gangare. Daga cikinsu akwai Gary Fisher da Charlie Kelly da Joe Breeze. A 1977 Breeze ya ƙera firam na musamman don wannan hawa, kuma sai a 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, wanda yana cikin na farko da aka ƙera da yawa don sayarwa a kanti.

Ke nan keken da a yau ake nunawa a matsayin kayan zamani ya samo asali ne daga aikin da duk mai gyaran keke a Kano yake yi kullum, wato duba ƙasar da za a taka, a duba abin da ke hannu, a haɗa wanda zai yi aiki. Waɗancan matasa sun haɗa keke don tsauninsu. Mutumin Kano da ya sayi kwaikwayon kekensu ya sayi amsar tambayar da ba shi ya yi ta ba.

Kano ma tana da nata tarihin. Kamfanin Raleigh na birnin Nottingham a Ingila ya yi suna a Nijeriya har sunansa ya kusa zama sunan keke, kuma ya kafa masana’antar harhaɗa kekuna a nan Kano. Dattawa suna tuna lokacin da Raleigh ko Humber yake cikin abin da ma’aikaci ke fara saya da albashinsa, da lokacin da shagunan hayar keke suke cike da yara masu koyo. Daga baya kekunan Sin irin su Phoenix, da na Indiya irin su Hero da Avon, suka cika kasuwa da siffa iri ɗaya: baƙin firam na ƙarfe, wili mai inci 28, birkin sanda, kariya a baya. Wannan tsohon fasali shi ya horar da makanikan gari, shi ya sa kayan gyaransa suke ko’ina. Masu tallar kaya da masu kawo amfanin gona daga ƙauyukan kewaye har yau a kansa suke, ba don rashin sanin sabo ba. Sun san cewa in ya lalace a hanya, ba za su kwana a can ba.

Ƙasar da keken zai taka

Birnin Kano shimfiɗaɗɗe ne. In aka cire Dala da Goron Dutse, waɗanda ba wanda ke hawansu da keke don zuwa aiki, mafi tsananin hawan da mahayi zai gamu da shi shi ne gadar sama ta Ƙofar Nasarawa da ’yan uwanta. Abin da ke gwada keke a nan daban ne. Akwai lungunan cikin gari masu ƙunci da kwata a tsakiya, inda ake tafiya a hankali ana yawan tsayawa. Akwai rairayi a gefen titi, da ramuka, da ƙusoshi da tsinken waya a kusa da kasuwanni, da ƙayar tsidau a unguwannin bayan gari. Da hunturu ƙura mai laushi tana shiga kowace kafa, ta haɗu da mai ta zama abin goge ƙarfe. Da damina, musamman a watan Agusta, laka da ruwan kwata su karɓi aikin.

In aka ɗora keken kanti mai siffar hawan dutse a kan wannan ma’auni, sai a ga yawancin abin da aka biya kuɗi dominsa ya zama kaya. Giya 21 da ake tallarsa da ita, faranti 3 ne a gaba da 7 a baya, kuma da yawa daga cikin haɗe-haɗensu maimaita juna suke yi. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mahayi ba ya amfani da fiye da uku ko huɗu. Amma kowace wayar giya da kowane hannun sauya ta wuri ne da ƙura za ta shiga, kuma na’urar da ke rataye a gefen wilin baya ita ce farkon abin da ke lanƙwashewa in keke ya faɗi ko aka jingina wani a kansa. Shokar gaba ta keke mai araha sau da yawa ba ta wuce sifirin a cikin bututu ba: tana ƙara nauyi, tana shanye ƙarfin da mahayi ya sa a feda, kuma in ƙura ta cinye ta sai ta sandare ko ta riƙa kaɗawa. Shokar baya ta fi wannan illa, domin firam ɗin da ke lanƙwasa a tsakiya ba ya karɓar kariya yadda ya kamata, alhali keken da ba ya ɗaukar jaka ko cefane ko ɗan makaranta ya rasa rabin amfaninsa a Kano. Tayar mai manyan ƙuraje an yi ta ne don ta kama laka da tsakuwa. A kan kwalta jan ƙafa take sawa. Sannan irin wannan keke yakan zo ba madigadi, ba murfin sarƙa, abin da duk mai sanye da doguwar riga da wando na shadda zai gane muhimmancinsa a ranar farko.

Wannan ba ya nufin duk abin da ke jikin keken hawan dutse banza ne. Faffaɗar taya tana da daɗi a rairayi da ramuka. Wili mai inci 26 yana da ƙarfi, yana kuma da sauƙin juyawa a lungu. Miƙaƙƙen kai yana sa mahayi ya zauna yana ganin gabansa. Tsofaffin kekunan hawan dutse na ƙarshen shekarun 1980 da na 1990, masu firam na ƙarfe da ba su da shoka, waɗanda ke shigowa cikin kayan gwanjo daga Turai da Japan da Amurka, suna da waɗannan alherai ba tare da tarkacen ba. Mai haɗa keke yana da ikon ɗaukar abin da ya dace ya bar wanda bai dace ba. Mai sayen haɗaɗɗe sai ya karɓi duka.

Inda lissafin Turai ya juye

Dalilin da ya sa haɗaɗɗen keke ya fi araha a ƙasashen masu arziki a fili yake. Kamfani yana sayen birki da sarƙa da giya dubbai a lokaci guda daga masu ƙera su, irin su Shimano na Japan, a farashin da mutum ɗaya ba zai samu ba. Ladan makaniki kuma yana da tsada ƙwarai, har gyaran tsohon keke kan fi sayen sabo ciwo. Ga kuma garanti: in firam ya tsage, akwai kantin da za a koma.

Waɗannan ginshiƙai uku duk ba su tsaya a Kano ba. Sabon keke kayan waje ne, farashinsa yana bin dala. Dalar da hukuma ke sayarwa kusan naira 460 kafin Yunin 2023 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Ladan makaniki, idan aka gwada da kuɗin kayan waje, ƙanƙane ne. Garanti kuwa, a mafi yawan ciniki, yana ƙarewa ne a bakin rumfa. Abin da ke da tsada a can shi ne mai sauƙi a nan, mai sauƙin can kuma shi ne mai tsada a nan. Ga ma’aikacin da ke kusa da mafi ƙarancin albashi, wanda dokar 2024 ta kai naira 70,000 a wata, kuskure a sayen keke asara ce da za a ji ta wata da watanni.

Akwai wani abin da ba a cika faɗa ba. Keken da ake kira haɗaɗɗe ba ya sauka daga jirgi a haɗe. A kwali yake zuwa, wani a rabin haɗe, wani a wargaje gaba ɗaya, sai a nan wani ya ɗaura shi. Ingancinsa ya dogara ga wannan mutum: ko ya sa giris a boris, ko ya daidaita sifok ɗin wili, ko ya ɗaure birki yadda ya kamata. Wanda ake biya bisa yawan kekunan da ya tayar a rana, sauri ne ribarsa, kuma ba zai sake ganin mai keken ba. Saboda haka kowane keke a Kano haɗa shi aka yi. Bambancin shi ne wa ya zaɓi kayan, kuma wa makanikin yake yi wa aiki, ɗan kasuwa ko mahayi.

Wata ƙungiyar agaji mai suna World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, ta kai ga irin wannan matsaya bayan ta ga yadda kekunan da ake samu a kasuwa suke saurin lalacewa a karkarar Afirka. Keken da ta fito da shi, Buffalo, na ƙarfe ne mai kauri, ainihin samfurinsa giya ɗaya gare shi, kariyarsa an yi ta don ɗaukar kilo 100, kuma ƙungiyar tana horar da makanikai a wuraren da take raba shi, kamar Zambiya da Kenya. Masana ƙira da ke da damar sa kowace irin na’ura sun zaɓi su rage, domin sun fahimci cewa keken da ba a iya gyarawa a inda yake aiki rancen wahala ne.

Tarkon ma’auni

Haɗa keke yana da nasa ilimi, kuma a nan ne mai shiga da ka yake asara. Kayan keke suna kama da juna a ido, amma ba kowanne ke shiga kowanne ba.

A fara da wili. Lambar da ake kira inci ba ta da tabbas. Abin dogaro shi ne lambar milimita da ke rubuce a gefen taya. Inci 26 na keken hawan dutse shi ne 559. Inci 27.5 shi ne 584. Inci 29 shi ne 622. Tsohon inci 28 na Raleigh da Phoenix shi ne 635, amma a Turai ana kiran 622 ma inci 28. Mutum zai iya sayen taya mai lamba 28 ga wili mai lamba 28, ya dawo gida ta ƙi zama. Kafin a ɗauki firam, a tambayi mai kayan keke na kusa wace taya yake da ita kullum. A Kano, 559 da 635 sun fi sauƙin samu. Sauran sai an nema.

Haka sarƙa. Ta keke mai giya ɗaya faɗinta ɗaya bisa takwas na inci ne, ta mai giya da yawa ta fi siranta, kuma tana ƙara sirancewa yayin da faranti ke ƙaruwa zuwa 9 da 10 da 11. Farantan baya iri biyu ne: wanda ake murɗawa a jikin cibiyar wili kamar noti, da wanda ake zurawa a kan tsagi; ba sa musanya. Bawul iri uku ne, kuma wanda ya fi dacewa shi ne mai kauri irin na mota da babur, domin kowane mai faci a bakin titi yana da famfonsa. Tsofaffin Raleigh na Nottingham suna da nasu zaren noti, 26 a kowane inci maimakon 24 da aka saba, don haka wanda ya tilasta musu kayan wani keke zai cinye zaren firam ɗin.

Birki ya fi kowanne muhimmanci. Birkin faifai mai aiki da mai yana da ƙarfi, amma yana bukatar nasa mai na musamman: wasu kamfanoni man ma’adini suke amfani da shi, wasu irin man birkin mota, kuma in aka zuba wanda ba shi ba, robobin ciki za su lalace. Birkin waya mai kama bakin wili yana tsayar da keke sarai a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, robarsa tana da araha, kowane makaniki kuma ya san shi.

Sai firam. Na ƙarfe ya fi na alminiyam nauyi, amma in ya tsage mai walda na unguwa zai iya kama shi, in ya ɗan lanƙwashe za a iya miƙar da shi, kuma yakan nuna alamar gajiya kafin ya karye. Alminiyam yana bukatar walda ta musamman da gashi bayanta kafin ƙarfinsa ya dawo, abin da ba a samu a bakin titi. A garin da ke da Kasuwar Ƙofar Ruwa da masu walda a kowace unguwa, ƙarfe yana da dangi.

Hujjar masu sayen haɗaɗɗe

Masu ganin sayen haɗaɗɗe ya fi suna da hujjoji na gaske, kuma bai kamata a raina su ba. Ta farko ita ce lokaci. Haɗa keke yana cin kwanaki ana zarya tsakanin Sabon Gari da rumfar makaniki, ma’aikaci kuwa ba shi da wannan sarari. Ta biyu ita ce jabu: sunan babban kamfani a jikin kaya ba ya tabbatar da cewa shi ya ƙera shi, kuma wanda bai san kaya ba zai iya biyan kuɗin na gaske ya tafi da kwaikwayo. Ta uku, ba kowane mai gyaran keke ne ya ƙware a keke mai giya ba. Wanda ya tashi a kan Phoenix zai iya ɗaukar guduma inda ake bukatar ƙaramin makulli. Ta huɗu ita ce mafi nauyi: tsohon firam yana iya ɓoye tsaga a ƙarƙashin sabon fenti, kuma ƙafar gaba da ta taɓa yin karo tana iya karyewa a tsakiyar titi. Ta biyar ta shafi amana, domin firam maras asali yana iya zama na sata, mai sayensa kuma ya taimaki ɓarawo ko da bai sani ba.

Akwai kuma mutanen da haɗaɗɗe ya fi dacewa da su kai tsaye. Yaron da zai fi ƙarfin kekensa cikin shekara biyu ba ya bukatar a yi masa ɗinki na musamman. Wanda da gaske yake son hawan duwatsu, a wajen Rano ko a tsaunukan Filato, yana bukatar shoka ta ainihi da birki mai ƙarfi, kuma gwanjon keke na babban kamfani, a haɗensa, zai fi masa sauƙi da aminci a kan tattara irin waɗannan kaya ɗai-ɗai. Mai ɗaukar kaya masu nauyi kuma tsohon fasalin inci 28 ya riga ya amsa masa, sai dai ya ƙara ƙarfin kariya da sifok.

Sai dai in aka duba waɗannan hujjoji da kyau, yawancinsu gargaɗi ne a kan haɗawa cikin jahilci. Jabun kaya yana jikin sabon keke mai araha kamar yadda yake a rumfar kayan gyara, illa dai a can an lulluɓe shi da fenti da leda. Rashin ƙwararren makaniki zai cim ma mai keken kanti a ranar da giyarsa ta fara tsalle. Araha ba ta ado, kuma wanda ya guje wa wahalar zaɓe a farko zai biya ta a gyara.

Darasin tela

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tsari. Mutumin da zai yi kayan salla ba ya shiga kanti ya ɗauki ɗinkakkiyar riga. Kantin Kwari yake zuwa, ya taɓa shadda, ya ɗaga ta ga haske, ya yi ciniki, sannan ya kai wa telan da ya san kafaɗarsa. Kayan ɗakin amarya wurin kafinta ake ba da su. Gida ma da kaɗan-kaɗan ake gina shi, bulo yau, kwano gobe. A duk waɗannan, mai abu ya san cewa sanin mai sana’a rabin ciniki ne. Abin mamaki shi ne a keke kaɗai mai ilimin boko yake jin cewa na kwali ya fi daraja.

Wanda zai bi hanyar tela, da makaniki zai fara kafin keke. Ya nemi wanda masu hawa kullum suke kai wa, ya duba ko yana ɗaura wili da kansa, domin daidaita sifok shi ne jarrabawar wannan sana’a. Su tafi kasuwa tare. Mafi sauƙi shi ne a sayi gwanjon keke sukutum mai firam na ƙarfe, ba firam tsirara ba, domin kayan da ke jikinsa sun riga sun dace da shi, sai a sauya waɗanda suka gaji. A duba mahaɗan firam da bayan wuyan keke ko fenti ya tattare ko ya tsage, alamar karo ke nan. A tsaya a gaba a dubi ƙafar gaba ko ta karkace. A ƙi firam ɗin da aka yi wa sabon fenti ba dalili, ko wanda aka goge lambarsa da ke ƙarƙashin mazaunin feda. A karɓi rasit, a rubuta lambar a ajiye. A gwada tsayi: in mutum ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa, ya kasance da ’yar rata tsakaninsa da sandar sama, in ya zauna a sirdi feda tana ƙasa, gwiwarsa ta ɗan lanƙwasa kaɗan.

Bayan haka kuɗi ya tafi inda yake da amfani. Taya mai kyau mai santsin tsakiya, domin faci shi ne babban abin da ke sa mutum ya jingine keke. Wilin baya mai sifok 36. Sabuwar waya da sabuwar robar birki, waɗanda ba a yin tsimi a kansu. Sabon boris da giris a kowace cibiya. Giya ɗaya, ko faranti ɗaya a gaba da 6 ko 7 a baya ga mai tafiya mai nisa kamar sabon mazaunin Jami’ar Bayero a hanyar Gwarzo. Kariya, madigadi, murfin sarƙa, ƙararrawa, fitila gaba da baya, da kwaɗo mai ƙarfi. Abin da kuɗi bai kai ba a wannan wata yana iya jiran wata mai zuwa, keken kuma yana aiki. Wannan sassauci ne da keken kanti ba ya bayarwa.

Akwai riba da ta wuce ta mai keke. Kuɗin da aka kashe a sabon keke mafi yawansa ƙetare yake tafiya. Wanda aka kashe a haɗawa, kaso mai kyau yana tsayawa a hannun makaniki da mai walda da yaran da ke koyon aiki a wurinsu. Sana’ar gyaran keke ta ja baya tun da babur mai araha ya cika gari, kuma za ta farfaɗo ne kawai idan masu iya biyan ladan aiki mai kyau suka dawo mata, suka nemi inganci, suka biya shi.

Keke, ko wane iri ne, ba zai gyara titi ba. A 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran ’yan Nijeriya su koma hawan keke, har mota ta ture shi a Abuja yana kan nasa, kuma darasin wannan rana yana nan: manyan titunan Kano ba su ware wa mai keke hanya ba, ofisoshi da yawa ba su da inda zai ɗaure shi. Wannan aikin hukuma ne, kuma ya cancanci a matsa mata a kansa. Abin da ke hannun mutum ɗaya shi ne zaɓin abin da zai hau. Kafin ya biya, ya tambayi kansa: in wani abu ya karye a jikin keken nan da safiyar Litinin a Ƙofar Mata, za a samu madadinsa da mai sa shi kafin azahar? Keken da amsarsa ta zama e, shi ne na saye.